Na'urar hannu mai gano ƙwayoyin cuta masu haɗari: shin ta dace da kasuwar dabbobi?

Tambaya: Wani dattijo daga cikin shugabannin fataken dabbobi da mahauta a Agege ya aiko da wannan tambaya: "Wani ɗan kasuwa ya kawo mana na'ura wadda ba ta fi wayar salula girma ba. Ya ce idan aka kunna ta a bakin ƙofar kasuwa, cikin minti ɗaya za ta nuna ko mutum ko dabba na ɗauke da cutar saifa, Ebola ko zazzaɓin Lassa, har ma da ƙwayoyin cutar da 'yan ta'adda ke iya watsawa a iska. Ana so mu yi karo-karo mu saya. Shin da gaske akwai irin wannan na'ura, kuma ta dace da wuri irin namu?"

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kasuwa tana albarka. Shawarata ita ce ku dakatar da karo-karon nan. Na'urori masu sauƙin ɗauka da ke gano ƙwayoyin cuta masu haɗari akwai su, na kuma yi shekaru ina aiki da wasunsu a ɗakin gwaje-gwaje a nan Legas, amma wadda aka siffanta muku, wato wadda za a nuna wa mutum ko saniya daga nesa ta faɗi sunan cutar da ke jikinsu, ba a ƙera ta ba tukuna a ko'ina cikin duniya. Tun da yake maganar kuɗin jama'a ce, ya kamata in yi bayani dalla-dalla, domin ku samu abin da za ku faɗa wa 'yan ƙungiya idan suka nemi jin dalili.

Dalilin yana cikin yanayin ƙwayoyin cutar su kansu. Abin da ke haddasa saifa, wato cutar dabbobi mai kama mutane da Turawa ke kira anthrax, bakteriya ce, wadda sai da madubin likita ake iya ganinta. Ebola da Lassa kuwa bairos ne, sun fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma a cikin jini da sauran ruwan jikin majinyaci ake samunsu. Akwai kuma dafi irin risin da ake yawan ambata idan ana maganar ta'addanci, wanda shi ba ƙwayar cuta ba ne ma sam, guba ce daga tsiro. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitar da haske ko sauti ko maganaɗisu da wata na'ura za ta tsinkayo daga nesa. Dole sai an ɗebi samfuri, ko na jini, ko na majina, ko na ƙura, an haɗa shi da sinadarin da aka shirya musamman domin wannan ƙwayar, sannan a karanta abin da ya biyo baya. Kowane gwaji abin da aka koya masa kaɗai yake nema, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Sinadarin da ya san saifa, idan aka ɗiga masa jinin mai zazzaɓin Lassa, shiru zai yi, mai gwajin kuma ya sallami majinyaci yana zaton lafiya lau.

Ba ku ne na farko da aka kawo wa irin wannan haja ba. A shekarar 2013 wata kotu a Ingila ta yanke wa wani ɗan kasuwa mai suna James McCormick hukuncin ɗaurin shekara 10, saboda sayar da na'urar ADE 651 da ya ce tana gano bam daga nesa. An yi amfani da ita a shingayen binciken jami'an tsaro a Iraƙi tsawon shekaru, alhali eriya ce kawai a jikin mariƙin roba, babu komai a cikinta da ke iya gano bam. A watan Afrilun 2020 ma, dakarun juyin juya halin Iran sun nuna wa duniya wata na'ura mai eriya da suka ce tana gano korona daga nisan mita 100, masana kimiyyar ƙasar da kansu suka ƙaryata. Idan gwamnatoci masu sojoji da injiniyoyi sun yi cinikin biri a sama, ba abin kunya ba ne ƙungiyar 'yan kasuwa ta tsaya ta yi tambaya.

Mai yiwuwa wasu daga cikin 'yan ƙungiya su tuna da abin auna zafin jiki mai kama da ƙaramar bindiga, wanda aka riƙa ɗora mana a goshi a bankuna, makarantu da filin jirgin sama a 2014, sannan aka sake dawo da shi a 2020. Wannan zafin fata kawai yake aunawa. Bai san Ebola ba, bai san maleriya ba, kuma mutumin da ya kamu da Ebola yana iya yin kwana 2 zuwa 21 kafin zazzaɓi ya bayyana, wanda kuma ya sha farasitamol zai wuce ta gabansa salin alin. Ina kyautata zaton abin da aka kawo muku, idan ma yana da wani aiki, bai wuce wannan ba.

Na gaskiyar kuwa, mafi sauƙinsu shi ne tsinken gwaji, irin wanda ake gwada maleriya ko juna biyu da shi a kowane kemis. A jikin 'yar takardar da ke cikin robar an shafa wani sinadari mai kama wani ɓangare na jikin ƙwayar cutar. Ana ɗiga samfuri, ruwan ya bi takardar, idan ƙwayar tana nan sai layi na biyu ya fito cikin minti 15 ko 20. Ba ya bukatar lantarki, ba ya bukatar injin, yana shiga aljihu. An yi irinsa domin saifa, annobar ɓeraye, risin, kwalara da Ebola, kuma jami'an kashe gobara da sojoji a ƙasashe da dama suna yawo da shi. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsinken ba ya ganin ƙwaya kaɗan, sai ta kai dubbai masu yawa a cikin samfurin kafin layi ya fito, saboda haka rashin fitowar layi ba shaida ba ce cewa wuri ya tsarkaka. A ɗaya ɓangaren kuma, bakteriyar saifa tana da 'yan uwa na kusa da ke zaune a cikin ƙasa da ƙura ba tare da haddasa saifa ba, kuma wasu tsinkayen kan ruɗe su ɗauke su a matsayin ita. Wannan ne ya sa a 2002, bayan harin wasiƙun Amurka da zan ambata nan gaba, ofishin kimiyya na fadar shugaban ƙasar ya shawarci hukumomin tarayya da su daina dogara da irin waɗannan tsinkaye wajen gwada garin da ake zargi.

Bari in sa lissafi a ciki, domin ɗan kasuwa ya fi gane magana idan ta zo da lamba. A watan Fabrairun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsinken gwajin Ebola mai suna ReEBOV domin amfanin gaggawa. Gwajin da aka yi masa ya nuna yana gano kimanin 92 cikin 100 na masu cutar, yana kuma wanke kimanin 85 cikin 100 na waɗanda ba su da ita. A ƙauyen da annoba ke ci, inda ake gwada masu zazzaɓi da amai, wannan taimako ne babba. Amma a ce an kafa tebur a ƙofar kasuwar Mile 12 an gwada mutum 1,000 masu lafiya, waɗanda babu ko ɗaya mai Ebola a cikinsu, lissafin ya nuna kusan mutum 150 za a ce suna da ita. Alhaji, ka fi ni sanin abin da zai faru da kasuwa idan labari ya bazu a WhatsApp cewa an samu masu Ebola 150 a cikinta, da kuma irin kallon da za a yi wa 'yan Arewa a garin nan kafin gaskiya ta fito. Gwaji mai kyau ma, idan aka yi shi inda bai dace ba, fitina yake haifarwa.

Mataki na gaba shi ne gwajin PCR, wanda kowa ya ji sunansa lokacin korona. Shi ba jikin ƙwayar yake nema ba, rubutun gadonta yake nema, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanin halittarta. Injin yana ɗumama samfurin yana sanyaya shi, a kowane zagaye ɗan guntun da ake nema yana ninkuwa biyu, ta yadda bayan zagaye 30 guda ɗaya ya zama fiye da biliyan ɗaya, har na'ura ta iya ganinsa. Ba'amurke Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993. A da sai babban ɗakin gwaje-gwaje mai ɗakuna daban-daban ke iya yinsa, amma yanzu an matse aikin duka cikin 'yar robar da ake zuba samfuri a rufe a tura cikin injin. Na'urar FilmArray tana gwada ƙwayoyin cuta fiye da goma da ake fargabar amfani da su a matsayin makami, a samfuri ɗaya, cikin kimanin awa guda. Truenat, ƙirar Indiya, tana aiki da batir, kuma an kawo ta Najeriya domin gwajin tarin fuka a wuraren da wuta ba ta tsayawa. Akwai kuma dabarar LAMP da aka fito da ita a Japan a 2000, wadda zafi ɗaya take bukata, wajen digiri 65, saboda haka injinta ya fi sauƙi da araha.

Wadda na fi sani a cikinsu ita ce GeneXpert, kuma tarihinta ya shafi tambayarka kai tsaye. A watannin Satumba da Oktoban 2001 an aika wasiƙu ɗauke da garin ƙwayoyin saifa zuwa kafafen yaɗa labarai da ofisoshin sanatoci biyu a Amurka. Mutum 22 suka kamu, 5 suka mutu, biyu daga cikinsu ma'aikatan gidan waya ne a Washinton waɗanda ko buɗe wasiƙar ba su yi ba, garin ne ya tsiyayo lokacin da injin rarraba wasiƙu ke matse ambulan. Daga 2004 hukumar gidan wayar ƙasar ta fara girke na'urori masu shaƙar iska a kan injinan, suna gwada ta da 'yan robobin kamfanin Cepheid, mai ƙera GeneXpert. Wannan fasahar ce aka juya zuwa gwajin tarin fuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamban 2010, kuma yau idan yaronka ya daɗe yana tari aka karɓi majinarsa a babban asibitin gwamnati, akwai yiwuwar cikin wannan injin za a sa ta, sakamako ya fito cikin ƙasa da awa biyu. Abin da aka ƙera saboda tsoron ta'addanci ya zo ya fi amfani a kan cutar da ke kashe talakawa kullum, kuma a ganina duk na'urar da ba za ta yi irin wannan aiki biyu ba, ɗaukar nauyinta a ƙasa irin tamu asara ce.

PCR ma yana da nasa aibin. Ba ya bambance ƙwaya mai rai da matacciya, kuma tsananin ganinsa kan zame masa matsala, domin ɗigon da ya fantsama daga samfurin jiya yana iya sa na yau ya nuna cutar da babu ita. Sannan shi ma abin da aka loda masa kaɗai yake nema.

Na'urar da ta kauce wa wannan iyaka ita ce MinION, ƙirar kamfanin Oxford Nanopore na Ingila, wadda ƙarama ce ƙwarai, ana kuma haɗa ta da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ita karanta rubutun gadon take yi harafi bayan harafi, don haka tana iya nuna ƙwayar da ba a yi tsammani ba. A 2015 masu bincike sun ɗauki kayan aikinta cikin akwatunan tafiya zuwa Gini, suka karanta samfurin Ebola 142, wani lokaci sakamako na fitowa cikin ƙasa da awa 24. A nan gida kuwa, lokacin da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a farkon 2018 har aka shiga fargabar ko wani sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane ya ɓullo, da ita aka yi aiki a asibitin koyarwa na Irrua da ke Jihar Edo, aka gano cewa nau'o'in da aka sani ne, kuma mafi yawan masu cutar daga ɓera suka ɗauka. Irin wannan karatun ne ke iya taimakawa a bambance annobar da ta taso da kanta da wadda hannun mutum ya watsa. To amma ƙanƙantar na'urar kada ta ruɗi kowa: kafin a ɗiga mata samfuri sai ƙwararre ya yi awoyi yana shirya shi, sinadaranta sai a firji, fassara abin da ta karanta kuma ilimi ne mai zaman kansa.

Saura maganar iska, wadda ita ce mai hajar ya fi jan hankalinku da ita. Akwai na'urori masu haska ƙurar iska da wani irin haske, su yi ƙara idan ƙurar da ta fito daga abu mai rai ta ƙaru farat ɗaya. Ba sa faɗin sunan cuta, gargaɗi kawai suke yi cewa a ɗebi samfuri. Ka kwatanta irin wannan na'ura a mayankar Oko-Oba da hantsi: ga ƙurar kofato, ga busasshiyar kashin shanu, ga dusa da harawa, ga hayaƙin babbakar fata da ƙafafu, ga na manyan motocin da ke sauke kaya. Ba za ta yi shiru ba daga asuba har magariba, bayan kwana uku kuma wani zai cire mata batir don a huta. Amurka da duk dukiyarta ta kafa shirin BioWatch a 2003, ta girke na'urorin tace iska a birane fiye da 30, amma kullum sai ma'aikaci ya je ya ciro matacin ya kai ɗakin gwaje-gwaje, sakamako kuma yana iya kaiwa awa 36 bayan abin ya auku. Sau da dama shirin ya yi kururuwa, kamar a birnin Houston a Oktoban 2003 inda ya nuna alamar ƙwayar zazzaɓin zomo, daga baya aka gane ƙwayoyin da ke zaune a muhallin ne, ba hari ba. A 2014 aka soke yunƙurin maye gurbinsu da na'urori masu yin gwajin da kansu, saboda tsada da shakku kan ingancinsu.

Idan aka bi tarihin hare-haren da aka tabbatar, za a ga ba na'ura ce ta fara ganowa ba. A 1984 mabiya wata ƙungiyar asiri sun zuba ƙwayoyin salmonela a abincin gidajen cin abinci a wani gari na Jihar Oregon, mutum 751 suka kamu da gudawa, jami'an lafiya ne suka lura da yawan majinyata, kuma sai bayan shekara guda aka tabbatar da gangan aka yi. A 2001 wani likita ne a Florida ya duba ruwan ƙashin bayan majinyacinsa a madubin likita, ya ga bakteriya masu siffar sanda, ya yi zargin saifa ya sanar da hukuma. Mu nan Legas ba sai an ba mu labari ba, ko da yake namu annoba ce, ba hari ba. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Murtala Muhammed daga Laberiya yana jinya, aka kai shi asibiti a Obalende, da farko aka ɗauka maleriya ce. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ce ta yi zargin Ebola, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata cewa ana jiransa a wani taro a Kalaba. Ɗakin gwajin ƙwayoyin bairos na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, unguwar da 'yan uwanmu da yawa ke zaune, shi ya gwada jinin. Daga nan aka bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar, aka kai musu ziyara kusan sau 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, har da ita likitar, ranar 20 ga Oktoba kuma aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar. Injin ya yi nasa aikin, amma sai da mutum ya yi zargi, ya ɗebi jini, ya san inda zai kai shi.

Ko da a ce na gaskiyar aka kawo muku, yanayin garin nan kaɗai ya isa ya kashe ta a hannun wanda bai san ta ba. GeneXpert ba ta son zafin ɗaki ya wuce digiri 30, robobinta kuma ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 28. Na taɓa zuwa wata cibiya da aka yi ƙorafin injinsu ya lalace, na tarar an jibge kwalayen robobin a wani sito mai rufin kwano da babu ko taga, a cikin watan Maris, na sa hannu na ji kwalin da ɗumi kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Injin lafiyarsa ƙalau, kayan gwajin ne suka dahu, kuma rabinsu ma wa'adinsu ya ƙare. Danshin Legas yana lalata tsinken gwaji idan aka yage ledarsa aka bar shi, ɗaukewar wuta a tsakiyar gwaji tana zubar da samfuri da kuɗin roba gaba ɗaya, sinadaran kuma da dala ake sayensu kowace shekara ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Babban haɗarin ma yana wajen ɗibar samfurin. Wanda zai tsoma hannu cikin jinin da ake zargin yana da Ebola, ko ya kwashi garin da ake zargi, shi ne mutum na farko da zai kamu idan ba shi da horo da kayan kariya, shi ya sa ake kai irin waɗannan samfura wurare masu matakan tsaro na musamman, kamar ɗakin gwaje-gwajen da gwamnatin jiha ta buɗe a asibitin Mainland da ke Yaba a 2018.

Cutar da ta fi kusa da ku a cikin duk waɗanda aka lissafa ita ce saifa, kuma ba ta hannun ɗan ta'adda za ta zo ba, a bayan tirela za ta zo. A watan Yunin 2023, gab da Babbar Sallah, gwamnatin tarayya ta yi gargaɗi kan cin ganda saboda ɓullar cutar a arewacin Ghana. A watan Yuli cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom ta tabbatar da ita a wata gona a yankin Suleja, ba a jima ba gwamnatin Legas ma ta sanar da samun dabbobin da suka kamu a nan jihar. Alamominta tsofaffin mahauta sun san su tun kafin a haife ni: dabba tana tsaye lafiya sai ta faɗi, jini baƙi wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci, baki da dubura, ciki ya kumbura da wuri, gawar ba ta sandarewa yadda aka saba, idan kuma aka yi kuskuren feɗe ta sai a ga saifar ta kumbura ta yi baƙi, inda cutar ta samo sunanta ke nan.

A nan ne al'adarmu ke jefa mu cikin haɗari. Dabba na faɗuwa sai a yi maza a kawo wuƙa kada ta zama mushe, a yi asarar dubban ɗaruruwan naira. Na fahimci zafin asarar, amma idan saifa ce, wannan yankan shi ne mafi munin abin da za a yi. Muddin gawar na rufe, ruɓewa tana kashe mafi yawan bakteriyar cikin 'yan kwanaki. Da zarar an feɗe ta iska ta taɓa jinin, sai bakteriyar ta rikiɗe ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, wanda ke iya zama a cikin ƙasa shekaru gommai. Tsibirin Gruinard na Sukotland, inda sojojin Birtaniya suka yi gwajin saifa a 1942, sai a 1990 aka ce mutane na iya komawa, bayan an wanke ƙasarsa da sinadari. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja gawar a ƙasa, a kori karnuka da ungulu, a kira likitan dabbobi. Shi ɗigon jini kawai zai ɗauka daga kunne, ya shafa a gilashi, ya rina, ya duba a madubin likita, sannan ya aika samfuri a tabbatar. Duk mahauci ko mai jima da ya ga ƙurji a hannu ko wuya wanda ya yi baƙin ɓawo a tsakiya, ga kumburi amma babu zafi sosai, ya tafi asibiti ranar, ya kuma faɗa wa likita sana'arsa, domin saifar fata tana warkewa da magungunan kashe bakteriya idan aka fara da wuri.

Idan kuma wata rana aka tsinci ambulan ko ƙunshi mai gari da ake zargi, a ofishin ƙungiya ko a cikin kaya, kada a shinshina, kada a girgiza, kada a ɗauka a zagaya da shi ana nuna wa mutane. A ajiye shi inda yake, a kashe fanka, kowa ya fita a rufe ƙofa, a wanke hannu da sabulu, a rubuta sunayen duk waɗanda ke ɗakin, sannan a kira 112 ko 767. Lambar hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232, kuma kyauta ce.

Shi kuwa mai hajar, idan ya dawo, ku karɓe shi da mutunci ku yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Wane samfuri ake sa wa na'urar, kuma wa zai ɗebe shi? Waɗanne ƙwayoyi take nema, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya? A cikin masu cutar 100 nawa take ganowa, a cikin masu lafiya 100 nawa take yi wa ƙage, kuma wace hukuma ce mai zaman kanta ta auna hakan? Ina lambar rajistarta ta NAFDAC, ina kuma shaidar majalisar kula da kimiyyar ɗakunan gwaje-gwaje ta ƙasa? Sannan ku nemi ya yarda a kai ta Yaba ko Idi-Araba a jarraba ta da samfuran da shi bai san abin da ke cikinsu ba. Kuɗin da aka riga aka tara kuma, da ni ne da sai in karkatar da su zuwa allurar rigakafin saifa ta shekara-shekara ga dabbobin da ke daɗewa a hannunku, safar hannu da takalman roba ga masu fiɗa, famfo da sabulu a bakin kwata, da wani ɗan asusu da za a riƙa rage wa mai dabba asara idan ya kai rahoton mushe maimakon ya yanka a ɓoye. Ku kuma nemi ofishin likitan dabbobi na jiha ya ba ku jami'i ɗaya da za ku riƙa kira kai tsaye, a rubuta lambarsa da manyan baƙaƙe a bangon ofishin Sarkin Fawa.